Fombori: ƙauyen da ya mai da gidan tarihi banki



Tun ranar da muka yi shirin nan a kan kayan kakanni, salularmu ba ta huta ba. Cikin waɗanda suka kira akwai wani tsohon mushe da ya aje aiki. Ya ce su biyar ne a garinsu, sun samu ɗaki guda, sun tara takobi biyu, da tsohuwar masaƙa, da akushi, da ƙwarya cike da wuri, sun share ɗakin sun sa kwaɗo. Wata uku ke nan, in ji shi, ban da su biyar ɗin babu wanda ya leƙa sai awakin maƙwabta. Wanda ya ba su takobi ɗaya ma ya aiko a maido masa abinsa. Sai ya ce mana: "To ɗana, yanzu mi za mu yi?"

Ba mu da amsa a ranar. Amma mun yi masa alkawarin za mu kawo labarin wani ƙauye da ya sha irin wannan kaye, ya tashi ya sake dabara. Ƙauyen ba a Nijar yake ba. Sunansa Fombori, yana ƙasar Mali, kusa da garin Duwanza, a yankin da ƙabilar Dogon ke zaune. Ku lura, Dogon ɗin nan ba dogo na tsawo ba ne, sunan mutanen ke nan. Fulanin can kuwa Haɓe suke ce musu, sunan da Fulanin nan suka laƙa wa Hausawa. Kun ga ashe muna da takwara a gindin duwatsun Mali.

Kafin mu shiga Fombori sai mun faɗi dalilin da ya sa ƙauye zai damu da gidan tarihi tun farko. Ƙasar Dogon tana cikin wuraren da aka fi kwasar kayan tarihinsu a duk Afirka ta Yamma. Tsakanin 1931 da 1933 wata tawagar Faransawa ƙarƙashin Marcel Griaule ta ratsa daga Dakar zuwa Jibuti, ta koma Paris da kaya wajen 3,500, kuma ƙasar Dogon na cikin inda ta fi daɗewa. Sakataren tawagar, Michel Leiris, ya rubuta da hannunsa cewa wasu kayan ba saye aka yi ba, da tsoratarwa da sata aka ɗauke su. Daga nan sunan Dogon ya cika Turai. Kowane mai tara kayan Afirka yana son ya mallaki gunkin Dogon, ko ƙyauren rumbu mai sassaƙa, ko ginshiƙin rumfar dattawa wadda suke kira toguna.

Sai fari ya zo. Yunwar 1973 zuwa 1974, da ta 1984 zuwa 1985, waɗanda iyayenmu a nan ma ba su manta da su ba. Mutumin da ɗiyansa ke kwana da yunwa, ga dillali a ƙofar gida da kuɗɗi a hannu yana son ƙyauren rumbun da babu hatsi a cikinsa, mi kuke so ya yi? Ga kuma musulunci da ya ƙara shiga ƙauyuka, kayan da kakanni ke girmamawa suka zama abin da jikoki ke jin nauyin a gani a ɗakinsu. Wani ya ƙone, wani ya jefar, mai wayo ya sayar. Gwamnatin Mali ta yi dokar kare kayan tarihi a 1985, UNESCO ta sa duwatsun Bandiyagara cikin kayan gadon duniya a 1989, amma doka tana Bamako, dillali yana bakin kasuwa.

A 1993 matan Fombori suka fara nasu yunƙuri. Sun ga yadda masu yawon buɗe ido ke zuba kuɗɗi a wasu ƙauyukan Dogon, suka ce su ma bari su jera kayansu a nuna, a kuma sayar da aikin hannu. Ƴan sa-kai na Peace Corps daga Amurka da ke zaune a yankin suka kama musu, aka samu tallafi daga waje, aka yi gini, aka buɗe gidan tarihi na ƙauye a tsakiyar shekarun 1990. Bai daɗe ba ya mutu.

Nan ne muke so Mushe da abokansa su kasa kunne, don abin da ya kashe na Fombori shi ke neman kashe nasu.

Na farko, baƙin da aka yi ginin dominsu ba su zo ba. Fombori ba ta kan hanyar da annasara suka saba bi. Su Bandiyagara da Sanga suke zuwa, su ɗauki hoto su koma Mopti. An yi shago a inda babu kasuwa. Na biyu, kuma shi ne babba, mutanen garin ba su yarda su saki kayansu ba. Kuma wallahi ba mu ga laifinsu ba. Ka zo gidan mutum ka ce ya ba ka abin da kakan kakansa ya bari, ka kai wani ɗaki ka rufe, mabuɗi yana aljihunka, shi bai samu ko dala ba, alhali dillali ya yi masa tayin jikka da yawa ya ƙi. Don mi zai ba ka? In ma ya bayar, tarkacen da ba ya so zai ba ka, na kirkin yana ƙarƙashin gado. Na uku, gara. Ɗakin da ba a shiga kullum na gara ne. Ita ba ta san gunki mai shekara ɗari uku ba, itace kawai ta sani.

Da yawa daga cikin poroje na ƙasashenmu nan suke ƙarewa: gini a rufe, allo a bakin ƙofa da sunan wanda ya ba da kuɗɗi, fenti yana kankarewa. Duk mun san irinsu, ba sai mun nuna da yatsa ba. Mutanen Fombori da ɗan sa-kan da ke tare da su a lokacin suka zauna suka sake tambayar daga tushe. Maimakon su ce yaya za mu jawo baƙi, sai suka ce mi mutumin garin nan yake buƙata har yake sayar da kayan gadonsa? Amsar kuwa kowa ya san ta: ɗan jari. Kuɗɗin da mace za ta sari gero ta sayar, ko ta sayi tunkiya ta yi kiwo. Ba dukiya mai yawa ba.

A 1997 aka sake buɗe gidan da sabon suna, bankin al'adu. Tsarin kuwa jingina ce, irin wadda muka sani. Ka kawo kayan gadonka a aje a gidan tarihi, a ba ka ɗan rance na ƴan watanni. Kayan naka ne, ba ka sayar ba. In ka biya, ko ka ɗauki abinka, ko ka bar shi ka sake karɓar wani rance. Mafi yawan waɗanda suka amfana mata ne, kuma cikin ƴan shekaru ɗakin da aka rasa abin sawa ya tara ɗaruruwan kaya.

Amma ga inda dabarar take, wadda ta sa muka ce sai mun kawo muku labarin nan. Ba a auna rancen da kuɗɗin da kayan zai yi a kasuwa. Da labarinsa ake auna shi. Ka kawo munduwa, kwamiti ya zaunar da kai ya yi ta tambaya: wa ya ƙera ta, a wane gari, wa ya fara sa ta, a wane buki ake fito da ita, ta yaya ta zo hannunka? Iya abin da ka sani kuma aka tabbatar, iya abin da za a ba ka. Wanda ya zo da kaya mai kyau amma bai san komi a kansa ba, kaɗan zai samu. Wadda ta zo da tsohuwar ƙwarya da tarihin kaka bakwai, ta fi shi.

Ku duba abin da wannan ke haifarwa a cikin gida. Yarinya tana son jari, ga munduwar kakarta, amma ba ta san labarinta ba. Dole ta je ta durƙusa gaban tsohuwa ta ce: "Kaka, ba ni labarin abin nan." Tsohuwar da aka mai da ita ta zaman ɗaki ta koma mai abin bayarwa. Labarin ya fita daga baki guda ya shiga kunnen jika, ya kuma shiga kayen kwamiti. Dillali kuwa akasin haka yake yi. Shi kayan yake so, labarin bai dame shi ba, sau da yawa ma gara a gare shi a manta daga inda abin ya fito. Shi ya sa in ka shiga manyan gidajen tarihi na Turai za ka ga gunki a cikin gilashi, an rubuta ƙabila da ƙarni, babu sunan masassaƙi, babu sunan gida.

Wa ke tafiyar da gidan? Mutanen garin. Taron gari ke zaɓen kwamiti, su ke karɓar kaya, su rubuta, su ba da rance, su bi bashi. Ban da nunin kaya da rance, gidan ya zama wurin taruwa, ana koyon karatu da sana'o'in hannu. Wannan ma maganin gara ne, in kun lura, don ɗakin da ƙafa ke shiga kullum ba ta samun sakewa a cikinsa. Dabarar ta yi suna har aka kwaikwaye ta a wasu garuruwan Mali kamar Dimbal da Kola da Degnekoro, daga baya ta tsallaka Benin da Togo, da taimakon makarantar koyon adana kayan tarihi ta Afirka da ke Porto-Novo.

Ba za mu ce muku komi ya tafi daidai ba. A 2012 yaƙi ya ci arewacin Mali, Duwanza kanta ta faɗa hannun ƴan bindiga, masu yawon buɗe ido suka ɗauke ƙafa daga ƙasar Dogon baki ɗaya, kuma har yau yankin bai samu kwanciyar hankali ba. Otal-otal suka rufe, ƴan jagoran baƙi suka rasa abin yi. Duk wanda ya gina lissafinsa a kan tikitin baƙo ya wayi gari babu kowa a bakin ƙofa. Mu ma nan mun ga haka a Agadas. Don haka duk mai shirin buɗe ɗakin tarihi a Tasawa ko Mirya ko Madawa yana jiran annasara su zo su biya, ya sake lissafi tun da wuri.

To mi ya haɗa mu da labarin Mali? Dillalan nan dai ba su san iyaka ba, kuma mun ɗanɗana. A 1975 aka gano maƙabartar Bura a yankin Tera, cikin jihar Tilaberi. A 1983 masanin tarihi Bube Gado na cibiyar bincike ta IRSH ya haƙa wurin bisa ƙa'ida, aka samu ɗaruruwan tukwanen binne mamata da kawunan mutane na yumɓu, har da mahayin dokin nan da ya yi suna. A 1993 aka nuna kayan Bura a Paris cikin wani babban nuni a kan al'adun kwarin kogin Kwara. Duniya ta gani ta yaba, sai kasuwa ta buɗe. Mutanen ƙauyuka suka shiga haƙa da dagi da shebur, suna fasa tukwane don su ciro kawunan da dillalai ke saye. Cikin ƴan shekaru aka yi wa wuraren kaca-kaca. Ƙasarmu ta yi dokar kare kayan tarihi a 1997, shekarar da Fombori ta buɗe bankinta, kuma a 2000 hukumar gidajen tarihi ta duniya ta sa kayan Bura cikin jerin waɗanda ke cikin haɗari. Amma abin da aka fasa ya fasu. Waɗanda suka haƙa ɗin ba mugaye ba ne, talakawa ne da ba wanda ya taɓa nuna musu abin yana da wani amfani a gare su in ya zauna inda yake.

Muna da gidan tarihi na ƙasa a Yamai tun 1959, wanda ke ɗauke da sunan Bubu Hama, akwai na Damagaram, akwai na Doso. Suna aikinsu. Sai dai yaron da ke lakwal a Gidan Rumji ko Matamai, yaushe zai je Yamai? Kuma ko ya je, tarihin unguwarsu ba ya can. Yana nan cikin garinsu. A Lugu ne Sarauniya Mangu ta tari tawagar Voulet da Chanoine a 1899, a Birnin Ƙonni suka yi kisan da har yau ake ba da labarinsa, a Maijirgi kaburburansu suke. Duk garin da ke kan hanyar nan akwai gidan da ke da abin faɗi, wani ma da abin nunawa. Haka zancen yaƙe-yaƙen Maraɗi da Tsibiri, da fataucin Damagaram zuwa Tarabulus, da rini, da jima, da ƙira. Lifidi da kwalkwali, zugazugi da uwar maƙera, mazari da abawa, kundin malam da aka rubuta da ajami, tsohuwar takardar haraji ta zamanin komanda, duk suna nan a ɗakunan da ruwa ke zuba.

Abin da ya ba mu sha'awa shi ne rabin dabarar Fombori mun riga mun iya ta. Asusun Mata Masu Dubara a jihar Maraɗi aka fara shi a 1991, daga nan ya bazu ƙasashe da dama. Matanmu sun san akwati mai kwaɗo, sun san zubi, sun san yadda ake bin bashi ba tare da an ɓata zumunci ba. Manomanmu kuma sun san aje hatsi a mangaza da kaka a karɓi rance, a fanshe shi in farashi ya tashi. Mutumin da ya yarda ya jinginar da buhun wake, ba zai kasa gane jinginar takobi ba.

Akwai ƙashi a cikin naman, kuma ba za mu ɓoye shi ba. Rancen Fombori da ruwa ake biyansa, da ruwan ne gidan ke ɗaukar nauyin kansa. A garuruwanmu da yawa ba za su taɓa kuɗɗin ruwa ba, kuma suna da hujjarsu. Duk kwamitin da ya tsallake malaman gari a kan wannan, ya kashe gidansa tun kafin ya buɗe. A zauna da su a nemi hanya, ko rance ba ruwa daga asusun da ƴan garin da ke Yamai da Legas da Abijan za su tara, ko wata dabara. Haka zancen kayan bori da na tsafi. Wani zai ce a ƙone, wani zai ce a aje don jikoki su san daga inda aka fito. Mu dai ra'ayinmu a aje, a rubuta gaskiyar abin da yake. Amma wannan magana ce ta zaure, ba ta mutum biyar ba.

Ko babu rancen ma, akwai abin ɗauka. Da muka sake kiran Mushe, abin da muka fara tambayarsa shi ne ko sun ba mai takobin nan takarda. Ya ce a'a. To ai shi ke nan. Mutum ya ba ka gadon gidansu, ba takarda, ba shaida, ba sunansa a jikin kayan, dole ya kwana da tunani. Kowane kaya ya samu lamba, a rubuta a kaye: sunan mai shi, ranar da ya kawo, aro ne ko kyauta, da labarinsa kamar yadda ya faɗa, da Hausa. A ɗauki hoto da salula. A ba shi tasa takardar da sa hannun mutum biyu da shaidar mai gari. In sallah ta zo yana son takobinsa ya hau doki, a ba shi, ya maido. A rubuta sunan gidansu babba a gefen kayan, don Bahaushe yana son a san gidansu. Ranar da ya kawo surukinsa ya nuna masa, ran nan kun samu mai gadi na kyauta.

Sauran aikin kuwa na haƙuri ne, babu wanda zai tafa muku. Kada a aje kaya a ƙasa ko a jingina su da bango. A duba rufi da indararo kafin damina. Kada a shafa wa tsohon itace fenti don ya yi kyau, kada a goge takobi da yashi har ya yi walƙiya, tsufansa shi ne shaidarsa. Fata da tufafi da takarda ba su son rana, ba su son laima. Mabuɗi kada ya zauna hannun mutum ɗaya, don mutum yana tafiya, yana ciwo, yana fushi. Kuma dattawa biyar su jawo matasa da mata tun yanzu. A Fombori mata ne suka fara, mu kuwa sai mu kafa kwamiti na maza zalla mu yi ta mamakin yadda ba a kawo mana ko faifai ba, alhali rabin kayan tarihin gari a ɗakin tsofaffin mata yake. A je wurin daraktan lakwal a shirya ranar da ƴan aji za su zo, kowane yaro a ba shi aikin ya tambayo kakarsa labarin abu ɗaya.

Mushe ya yi shiru, sannan ya ce akwai wani tsohon maƙeri a garinsu, shi kaɗai ya rage cikin waɗanda suka ga ana narka tama a fitar da ƙarfe, kafin ƙarfen mota ya kashe sana'ar. Ya ce tun bara ba ya fita, kuma su ba su taɓa tunanin zuwa wurinsa ba, tun da ba shi da wani kaya da za a jera a ɗaki. Mun ce masa akwai cibiyar CELHTO a Yamai wadda tun 1968 aikinta ke nan, tattara tarihin baka, amma kada su jira kowa. Sun sa ranar Lahadi za su je da salula da kaye da goro. Mun roƙe su in sun ɗauko muryar, kuma tsohon ya yarda, su aiko mana mu sa a shiri ku ji da kunnenku.